Kayan Bayan Motar Ɗangiwa

Duk wanda ya saba sammako a tashar Tambuwal ya san abin da Malam Ɗangiwa yake fara yi in ya fito daga masallaci. Sauran direbobi gaban mota suke nufa, su duba ruwa, su duba baƙin mai. Shi kuwa baya yake zagayawa. Sai ya ɗage tamfol, ya tsaya yana taɓa kayansa ɗaya bayan ɗaya, kamar makiyayi ya shiga garke da safe. Ga igiya a naɗe. Ga katakai biyu masu kauri, ga gatari, ga shebur, ga famfon taya da doguwar tiyo ta jan ruwa. Ya ɗaga salka ya ji nauyinta, in ta yi sakayau ya tafi da kansa ya ciko ta. Ya warware tabarma ya kaɗe ta saboda kunama, ya mayar da buta mazauninta. Daga nan ya buɗe wani tsohon gwangwanin alewa ya leƙa: allura da zare, sabuwar reza cikin takardarta, ashana, ƙullin gishiri, ƙullin kanwa, da guntun madubin wata mota da ta daɗe da mutuwa. Sai ya gama da baya kaf, sannan yake tunawa motar tana da inji.

Haka yake yi tun wasunmu ba su san dama da hagu ba, har watan jiya da idonsa ya fara yi masa hazo, ya ɗauki makulli ya kai wa mai mota da hannunsa, ba wanda ya ce ya kawo.

Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ban da malamarmu, don haka in alƙalamina ya yi tuntuɓe a yi mini afuwa. Abin da ke nan kuwa daga bakin waɗanda suka gani da idonsu na ji shi. Duk suna raye, mai shakka ya je ya tambaye su.

Motar ba tasa ba ce. Akori-kura ce ta Alhaji Sambo mai fataucin hatsi, tana ɗaukar kaya tana ɗaukar mutane, yau Kebbe, gobe Dogon Daji, jibi Sanyinna, duk inda kasuwa ta ci. Kayan nan na Ɗangiwa kuwa sun cinye kusurwa guda ta bayan motar, wurin da zai ɗauki mutum biyu har da ƙunshinsu. Shi ya sa 'yan tasha suka laƙaba masa Kunkuru, wai tafi-da-gidanka. Wadda ta fi kowa yi masa tsiya ita ce Atu mai daddawa, wata ƙaƙƙarfar mace mai kakkaifan harshe, wadda ba a cin kasuwar Kebbe ba da ita ba.

“Ɗangiwa, wai mota kaka tuƙi ko ƙaura kaka yi?” in ji ta, duk ranar da katako ya tokare mata gwiwa. “Saura turmi da murhu, mu san gidanka anka shigo.”

“Atu, ke da warin daddawarki ya cika mota, wa yat taɓa cewa ki sauka?”

“Daddawata kasuwa za ta. Wanga gatari naka wa za shi saye?”

“Ba na sayarwa na ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.”

A yi dariya, a tashi mota.

Matarsa Bara'atu ce ta gaya mini abin da 'yan tasha ba su sani ba. Ta ce babu abu ɗaya a cikin kayan nan da ya shiga motar haka kawai, kowanne da ranarsa. Igiyar nan, wata damina ce kusa da Sanyinna ya tarar da jakin wani tsoho ya nutse a laka da kayansa. Mutane sun taru, shi ma ya tsaya da mota cike da maza, amma aka rasa abin da za a ɗaura a ja. Suna kallo jakin ya ƙare, tsohon ya zauna a gefen hanya ya rufe fuska da hula. Ta ce ranar Ɗangiwa bai ci tuwo ba. Kashegari ya nemo igiya mai kaurin hannun yaro, doguwa har ana yi masa dariyar tsawonta. Rezar nan, wata mata ce ta haihu a gindin tsamiya aka rasa abin yanke cibi. Allura kuwa labarinta na dariya ne: wani ango ne wandonsa ya tsage daga sama har ƙasa wajen hawa mota, ga gidan surukai ana hango shi. Haka abin yake. Duk ranar da hanya ta nemi wani abu a wurinsa ya rasa, ba ya yarda ta sake kama shi hannu sake.

Kuma ba a ƙirga waɗanda suka ci moriyar wannan hali. Manyan motocin gyaɗa da suka kafe a yashi sun fita bisa katakansa. Bishiyar da hadari ya kayar ta tare hanya, gatarinsa ya buɗe ta. Fasinja bai taɓa rasa ruwan alwala a motarsa ba, ko da tsakiyar daji azahar ta kama su. Amma akwai rana ɗaya da ta fi sauran, wadda in ba a faɗe ta ba kamar ba a faɗi komai ba.

A bazarar shekarar da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta ne. An shirya biki a Kebbe, aka ba Alhaji Sambo aikin kai shinkafa da goro da sauran kayan hidima. Da safe aka yi ta lodi har mota ta cika, buhu biyu suka rasa wuri. Alhaji ya zagaya baya, ya dubi kusurwar nan, ya tsuke fuska.

“Ɗangiwa, yau dai tarkacen ga za su kwana tasha.”

“Alhaji, buhunan su kwana. Gobe in Allah ya kai mu ni kai su.”

“Bikin gobe na? Wai motag ga tawa ta ko taka?”

“Taka ta, Alhaji.” Ya zaro makulli daga aljihu, ya ɗora shi bisa buhu, cikin ladabi, har da rusunawa. “Ga makullinta. Amma ni ba ni hawa hanya babu kayan ga.”

'Yan tasha suka dubi juna. Ɗangiwa mutum ne mai iyali, ba shi da wata sana'a sai wannan, kuma kowa ya san Alhaji ba ya son a musa masa a gaban jama'a. Alhaji ya dubi makulli, ya dubi rana da ta fara ɗagawa, ya dubi sauran direbobi, kowa ya kau da kai, don babu mai sha'awar yashin hanyar Kebbe da irin wannan lodi.

“Ɗauki makullinka, Kunkuru,” in ji shi daga ƙarshe. “Allah shi shirye ka.”

“Amin, Alhaji, mu duka.”

Aka bar buhu biyu a tasha. Atu ta hau bisa shinkafa tana mita, wai yau an fifita shebur a kan abincin Musulmi.

Tafiyar ranar ta bi da su ta Fakku. Rana ta take tsaka, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Suna shiga gari sai suka ji kururuwar mata daga bakin wata tsohuwar rijiya. Wani ya tare hanya yana ɗaga hannu biyu. Ashe Bube ne, mai yasar rijiyoyi, ya sauka tun hantsi don ya kwashe laka, ruwan gari ya ja baya. Ya aiko da guga kaɗan, sai ya ɗaga murya ya ce kansa yana juyawa. Daga nan shiru. An yi kira har murya ta dushe, ba amsa.

Ɗangiwa ya diro daga mota ko kashe ta bai yi ba. Abin da ya tarar ya tayar masa da hankali fiye da shirun. Ƙanen Bube, wani siririn magidanci mai suna Na'iya, ya tuɓe riga ya zura ƙafa ɗaya cikin rijiya, zai bi ramukan jikin bango ya sauka haka nan, ba igiya ba komai. Wani dattijo kuma ya cinna wa dammen kara wuta, yana ratsa mutane yana cewa a ba shi hanya, zai jefa a ga ƙasa. Niyyarsu alheri ce, duk su biyun. Amma Ɗangiwa ya taɓa ganin irin wannan rana a Gusau, lokacin da yake koyon mota, inda mutum ya bi mutum cikin rijiya aka fid da gawa biyu maimakon ɗaya.

“Baba, kashe wutag ga!” Muryarsa ta danne kukan mata. “Ɗan numfashin da yar rage mishi za ka ba wuta ta ci?” Ya cafko Na'iya ta hammata ya fizgo shi waje kamar ɗan akuya.

“Sake ni! Wana na!” Na'iya yana fizge-fizge yana kuka.

“Na san wanka na. Abin da yak kada shi ƙasa shina nan shina jiranka. Za ka shiga, wallahi kai za ka shiga, amma sai na ce.”

Ya koma mota da gudu, ya yaye tamfol. Mutumin da ake cewa Kunkuru, ranar ba wanda ya ga nawarsa. Ya ɗauko guntun madubin nan, ya tsaya bakin rijiya, ya tari rana da shi ya karkata. Haske ya gangara kamar an zura farar sanda, ya sauka a kan Bube. Yana zaune cikin laka, ya jingina da bango, kansa ya langaɓe, amma hancinsa yana sama da ruwa. Jama'a suka ɗauki salati.

Ya warware doguwar tiyo, ya cusa bakinta a famfon taya, ya naɗe mahaɗar da tsumma da roba, ya ɗaura dutse a ɗaya bakin ya zura har ta kai kusa da fuskar Bube. Ya waiga yana neman mai ƙarfi, idonsa ya faɗa kan Atu.

“Atu! Yau ga ranar ƙarfinki. Take nan, ki danna nan, kak ki tsaya ko da hannunki za shi cire.”

Atu ta taho da sauri, ba tsiya ba mita, abin da ba a taɓa gani ba. Ta ɗaure zane a ƙugu, ta take gindin famfo, ta shiga bugawa kamar mai daka fura ranar suna. Ita ta ba ni wannan labari da bakinta, ta ce har kwana uku ba ta iya ɗaga ludayi.

Ya sa samari biyu suka ɗaura tabarma a igiyar guga, suna zura ta suna fizgowa, suna zura ta suna fizgowa, don iskar da ta kwanta a ƙasa ta motsa. Ya gitta katakansa biyu a bakin rijiya, ya sa aka kawo taɓarya ya ɗora a kansu yadda igiya za ta bi ta kai ba tare da ta ci bango ba. Sannan ya ɗauko igiyar nan da aka sha yi wa dariyar tsawo, ya ninka ta biyu. Baki ɗaya ya ɗaure Na'iya da shi ta ƙirji da cinyoyi, ɗaya bakin ya yi masa zarge ya damƙa masa a hannu.

“Ka ji ni da kyau. Da ka isa, ka kama bakin tiyo ka shaƙa, sannan ka sa mishi zarge ƙarƙashin hammata. Kak ka tsaya kuka, kak ka tsaya tada shi. In ka ji kanka shina juyawa, ka girgiza igiya, mu fid da kai.”

“In fito in bar shi?”

“Ka fito ka huta ka koma. Uwarku ɗiya biyu ta haifa, biyu nika son in mayar mata.”

Tsohuwar uwar tasu tana nan durƙushe a gefe, ta dafa ƙasa da hannu biyu, bakinta yana motsi ba a jin abin da take cewa.

Aka zura Na'iya a hankali. Ɗangiwa ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya, madubi a hannu, yana bin shi da haske. Ba a jin komai sai fus, fus na famfon Atu. Can sai igiya ta motsa, murya ta taso daga ƙasa: “Ku ja!”

Fasinjoji da mutanen gari suka kama, mai riga da marar riga, Bahaushe da Bafillace. Ɗangiwa yana ba su baki: “Sannu, sannu, kak ku fizga. To, ja! Ja!” Taɓarya tana ƙara, katakai suna lanƙwasa, ba su karye ba. Kan Bube ya bayyana, baƙi ƙirin da laka. Aka kama shi aka shimfiɗe. Aka koma aka jawo Na'iya, ya fito yana tangaɗi, ya zube yana haki.

Bube kuwa ko motsi. Wata mata ta kwance mayafinta za ta lulluɓe shi, kuka ya sake ɓarkewa. Ɗangiwa ya tare hannunta. Ya goge madubin a rigarsa, ya kara shi a hancin Bube, ya ɗago ya duba. Wani ɗan hazo ya kwanta a kai, ƙanƙane, kamar raɓa bisa ganye.

“Da sauran shan ruwansa! Ku ja baya, ku ba shi iska!”

Ya kwance bakin salka ya wanke masa hanci da baki, ya kwarara masa sauran a ka. Ya ɗaga hannuwansa sama ya mayar bisa ƙirji ya danna, ya ɗaga ya mayar ya danna, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Mata suna fifita da faifai. Sai ƙirjin ya ɗaga da kansa. Bube ya yi wani irin tari, ya amayo laka, ya buɗe ido ya dubi fuskokin da suka yi masa rumfa. Abin da ya fara cewa, kowa a Fakku ya haddace shi: “Wa yab bar min guga cikin rijiya?”

Guɗa ta tashi. Masu kuka suka koma dariya da hawayensu. Atu ta saki famfo ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce, “Kunkuru, daga yau ko turmi kas saka cikin motag ga, ni ka riƙe maka shi bisa cinya.”

Bai tsaya karɓar godiya ba. Ya shimfiɗa tabarma bisa buhunan shinkafa, aka kwantar da Bube, aka kafa masa inuwa da tamfol, sai ɗakin magani na Kebbe. Sun isa a makare. Masu biki sun gaji da leƙen hanya, Alhaji Sambo da ya riga su isa yana ta safa da marwa, ya tanadi faɗa cike da baki. Amma kafin mota ta gama tsayawa Atu ta riga ta miƙe bisa kaya tana shelar abin da ya faru. Makaɗan da aka ɗauko domin bikin suka juya ganguna suka nufo motar. Ranar da Arewa take murnar ta karɓi ragamar kanta, sai ga wani direba mai laka har gwiwa a tsakiyar fili ana yi masa kirari, shi kuwa yana ta neman inda zai ɓuya. Alhaji ya ratsa taro ya kama hannunsa, ya daɗe bai saki ba. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, “Buhunan ga biyu, ka kai su Fakku.”

Malam Ɗangiwa, kai ne ka yarda a yi maka dariya shekara da shekaru saboda mutumin da ba ka san sunansa ba tukuna. Kai ne ka ajiye makulli bisa buhu, ga iyali a gida, don kada a sauke igiya. Ba ka yi karatun likita ba, ba a ba ka lambar girma ba, hotonka bai taɓa fita a jarida ba. Amma tsohuwa ta kwana da 'ya'yanta biyu saboda kai. Giwa mai tafiya da kayanta, na Bara'atu, gagara yashi!

Da labari ya kai Fakku cewa ya ajiye tuƙi, Bube da Na'iya suka ɗauko kayan aikinsu suka taho Tambuwal a ƙasa. Ba su yi shawara da kowa ba sai mai unguwa. Suka auna wuri a ƙofar gidansa, gefen hanyar da matafiya ke bi, suka fara haƙa. Ya fito ya ce mene ne haka, Bube ya ce, “Baba, koma ka zauna. Kai ka fid da ni daga rijiya, ni kuwa ita kaɗai na iya.” Na je na gani da idona: a bakin ramin akwai famfo da tiyo nasu na kansu, kuma ba mai sauka sai an ɗaure shi. Sun ce yanzu masu yasa a ƙasar Kebbe da yawa haka suke yi.

Ranar Juma'ar da ta wuce suka cim ma ruwa. Unguwa ta taru, 'yan tasha suka zo, har da Ɗanmaliki, direban da ya gaji motar. Bube ya jawo gugan farko, ya tace a ƙwarya, ya durƙusa ya miƙa masa. Ɗangiwa ya yi bisimilla ya kurɓa, ya daɗe ƙwaryar tana bakinsa. Da ya sauke ta ya ce, “Ruwan ga da daɗi.” Atu ta rangaɗa guɗa har sai da jakuna suka firgita.

Mun gode, Baba Ɗangiwa. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa duk wanda ya sha ruwan nan ladan ya iske ka. Ku kuma direbobinmu, ga ƙasa ta zama tamu, ga hanyoyi ana ta buɗewa, motoci sai ƙaruwa suke yi. Ba a ce kowa ya zama Ɗangiwa ba, wannan sai an tona. Amma duk wanda Allah ya ba abin hawa, mota ce, keke ne, ko jaki, in ya gama ɗaura nasa, ya bar ɗan wuri a baya saboda bawan Allahn da yake can gaba yana jira.